Burtu a Fadamar Tottenham

In da cika baki sana'a ce, da Maje ya daɗe da sayen gida a Landan. Ku tambayi duk wanda ya zauna Tottenham a shekarun tamanin, zai gaya muku. Mutum ne wanda in ka ce ka taɓa ganin zaki, shi zai ce ya taɓa riƙe wa zaki wutsiya aka yi masa allura. Aikinsa kuwa masinja ne a wani ɗan kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Aldwych. Ya kai wasiƙa, ya dafa shayi, ya hau bas ya karɓo tikiti. Amma in ya dawo unguwa da yamma yana kaɗa jakar nan tasa ta fata, wadda babu komai a cikinta sai jarida da guntun burodi, sai ka rantse shi ne mai kamfanin.

Kamfanin nan ba Makka yake kai mutane ba, ba kuma Kano ba. Turawa masu kallon tsuntsaye yake tarawa, ya zuba su a jirgin ruwa, ya kai su wasu tsibirai can tsakiyar teku inda duwatsu ke aman wuta. Hoton wurin na nan manne a bangon ofis: baƙin dutse yana hayaƙi, kunkuru ya kai girman tukunyar biki, ƙadangaru suna ninƙaya a teku, ga wani tsuntsu mai shuɗin ƙafa kamar ya taka rini a marina. Kullum in Maje zai wuce da shayi sai ya tsaya ya kalli hoton nan ya haɗiyi yawu. Shekararsa tara yana kai wa mutane tikitin wurin, bai taɓa wuce tashar jirgin ƙasa ba.

Wata Litinin cikin Afrilun 1988 ya shigo da tire ya tarar da manaja, wata doguwar Baturiya mai suna Margaret, ta dafe kai. Mataimakin jagoran tafiya ya faɗo daga tsani ya karya ƙafa, jirgi kuma saura mako uku ya tashi. Ana neman wanda zai maye gurbinsa, ya ɗauki madubin hangen nesa, ya tashi fasinjoji da asuba, ya riƙa nuna musu tsuntsu yana faɗin ko wane ne. Ci kyauta, sha kyauta, ɗaki a jirgi, mako uku cur.

Maje ya ajiye tire, ya gyara wuyan riga.

"Madam, kina zaune a bakin rijiya kina kukan ƙishirwa?"

"Ban gane ba, Mista Maje."

"Tsuntsu ai gadon gidanmu ne. Kakana shi ne Sarkin Baka na ƙasarmu kaf. Ni da kike gani, tun ban iya tafiya ba na iya kukan fakara. In na yi fito sau ɗaya, sai ki ga sama ta yi duhu."

To, ƙwayar gaskiya ɗaya ce a cikin buhun nan: kakan nasa maharbi ne. Amma shi Maje a Fagge aka haife shi, a bayan tashar mota ya girma, tsuntsayen da ya sani kuwa uku ne. Tattabara, ungulu, sai kazar da ke cikin miya.

Margaret ta dube shi ta saman tabarau. "Madalla. Ranar Asabar ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye za ta fita fadamar da ke bayan unguwarku, bakin kogin Lea. Ka zo ƙarfe shida na safe. In na ga ka san aikin, gurbin naka ne."

Ita "in na ga" ta ce. Shi kuwa kunnensa "naka ne" kaɗai ya kama.

Ko gida bai je ba, sai shagon Wahabu. Wahabu mutumin Kumasi ne, mai sayar da doya da gari da manja, shagonsa kuma nan ne majalisar 'yan unguwa. Shi da Maje ba sa ga maciji wajen baƙar magana, ba sa kuma iya kwana biyu ba su ga juna ba.

"Jama'a, ku yafe mini," in ji Maje, ya tsaya a ƙofa ya ɗaga hannu. "Turawa sun matsa. Sun ce jirgi ba zai tashi ba sai da ni."

Wahabu bai ko ɗago kai daga ma'auni ba. "Wane jirgi? Na kai wasiƙa?"

"Jirgin ruwa mai hawa bakwai. Ni ne babban malamin tsuntsaye. Kyaftin ma sai ya tambaye ni kafin ya juya kan jirgi."

"Ina za ku?"

"Tsibirin da dutse ke aman wuta."

Sai a lokacin Wahabu ya ɗago. "Kai Maje! Mutane na roƙon Allah Ya kare su daga wuta, kai kana yin booking?"

Shago ya ɗauki dariya. Maje bai ji komai ba, ya ce hassada ga mai rabo taki ce. Kafin Laraba jirgin ya zama mai hawa goma sha biyu. Kafin Alhamis ya sayo farar hular ma'aikatan jirgi a kasuwar gwanjo, yana sanya ta har masallaci. Wata mai sayar da abinci ta ce ya taho mata da kunkuru ɗaya, ya ce ɗaya ai raini ne, biyu zai kawo. Ya kuma bi gida gida yana gayya: "Asabar ƙarfe goma ku zo fadama, ku ga yadda Turawa ke damƙa wa mutum aiki."

Matarsa Ramatu, wadda ke aiki a kicin ɗin wata makaranta, mace ce marar yawan magana. Ta bar shi ya gama bayanin jirgin tun daga gindi har sama, sannan ta ce, "Malam, wai wane tsuntsu ka sani?"

"Ke dai ki zuba ido."

"Idona a zube yake shekara goma sha biyu."

"Me kika ce?"

"Na ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ga tuwonka nan, kada ya huce."

Abin da Maje ya dogara da shi yana can ƙasan akwati, naɗe cikin tsohuwar jarida. Shi ne kaɗai gadon da ya samu daga kakansa: kan burtu. Wanda bai sani ba, burtu wani ƙaton baƙin tsuntsu ne na dajinmu, mai dogon baki da jan maƙogwaro. Maharba kan busar da kansa su kafa shi a lanƙwasasshen itace, su ɗaura a goshi, su lulluɓe jikinsu da baƙin zane, su shiga ciyawa da rarrafe suna gyaɗa kai. Namun daji su ɗauka burtu ne ke kiwo, har maharbi ya zo musu gab. Maje ya taho da shi Landan don ya rataya a falo, Ramatu ta ce ko shi ko ita.

Ranar Juma'a da la'asar, tana wurin aiki, ya ce bari ya gwada. Ya zaro baƙin zanenta na zuwa ta'aziyya ya lulluɓa, ya ɗaura burtu, ya fito barandar flat ɗinsu na gidajen hayar gwamnati yana rarrafe yana gyaɗa kai. Bai yi taku biyar ba wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarsu ta buɗe ƙofa da ɗan karenta. Kare ya cafke bakin zane, tsohuwa ta ƙwalla ƙara ta shiga zuba wa burtu laima. Da ƙyar Maje ya ja da baya ya shige ɗaki ya danna sakata. Yana haki, yana shafa ƙeya, amma murmushi yake yi. Tun da kare da kansa ya ruɗu, ina ga tsuntsu?

Asabar ta zo da wani irin sanyi mai shiga ƙashi. Turawa goma sha biyar ne a bakin fadama, kowa da koriyar riga da takalmin roba, suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu jinya. Can sai ga Maje. Farar babbar riga, farar hular jirgi, takalmi na walƙiya, turare kuwa tun daga bakin titi ake jin sa.

"Good morning, jama'a!" ya ɗaga murya. "Yaya sanyi?"

Fir! Duk agwagin da ke kan ruwan suka tashi. Yatsu goma sha biyar suka hau leɓɓa goma sha biyar.

Jagoran tafiyar wani tsoho ne mai farin gemu da lofe a baki, sunansa Harold, shekararsa arba'in yana bin tsuntsaye. Ya miƙa wa Maje madubi, ya nuna masa wani abu a kan reshe.

"Mista Maje, a ƙasarku me kuke ce wa wancan?"

Maje ya leƙa, ya gyaɗa kai irin na manya. "Ɗan tattabara ne."

"Wancan na kan ruwa fa?"

"Tattabarar ruwa."

"To wancan mai dogon wuya da ke tsaye a ƙafa ɗaya?"

"Ita ma tattabara ce. Tsufa ne ya miƙar da ita haka."

Harold ya cire lofe ya duba cikinsa ya mayar. Maje ya ga kamar ya ci jarrabawa, sai ya ce bari shi ma ya nuna yana da tambaya.

"Wai a cikinsu wanne ya fi daɗi?"

"Daɗin me?"

"Daɗin nama mana. Mai ƙafa ɗayan nan da gani zai yi tauri, sai dai farfesu. Amma 'yan ƙananan nan, in aka samu yaji da ɗan mai..."

Wata mata ta saki fensirinta a cikin ruwa. Fuskar Margaret ta yi ja har kunne.

Ana cikin haka sai wani sauti ya fito daga dogayen ciyayin ruwan, buuum, kamar an busa bakin kwalba. Kowa ya sandare. Harold ya raɗa wa Maje cewa wata tsuntsuwa ce dangin zalɓe, launinta launin busasshiyar ciyawa, ga ta da kunyar tsiya. Kwana goma ke nan ana jin kukanta, babu wanda ya sa ta a ido. Turawa suka zazzauna a ƙasa, kowa ya kafa madubi. Margaret ta matso kusa da Maje ta ce a hankali, "Mista Maje, ba zan ɓoye maka ba, har yanzu ban ga alama ba."

Maje ya sauke madubi. Ya ga jirgi yana barin gaɓa babu shi. Ya ga haƙoran Wahabu. Ya sake duban Turawan nan, sai haushi ya kama shi. Mutum goma sha biyar, manya da hankalinsu, sun yi zaman makoki saboda tsuntsuwar da ba ta fi taku talatin ba! A ina aka taɓa sanin tsuntsu daga nesa? Mu a wurinmu wanda ya san tsuntsu shi ne wanda ya zo da shi a hannu. In ya damƙo ta ya dire a gaban Margaret, wa zai sake tuna zancen tattabara?

"Madam, bari in kama ruwa," ya ce, ya suri jakarsa, wadda ya ɓoye kan burtu da baƙin zane a ciki, ya zagaya bayan wasu bishiyoyi.

Can ya tuɓe babbar riga ya cusa a cikin ƙaya, ya lulluɓa zane, ya ɗaura burtu, ya yi bisimilla ya durƙusa cikin ruwa. Wayyo! Saura ƙiris ya kira sunan uwarsa. Ruwan nan ƙanƙara ce da ba ta gama daskarewa ba. Ya cije, ya ci gaba. Taku biyar, takalmin hagu ya zauna a laka. Taku goma, na dama ya bi ɗan'uwansa. A taku na ashirin gwiwoyinsa suka lume har cinya, ya ja, ya ja, ko motsi. Ciyawa ta rufe shi ruf, ba a ganin komai sai kan burtu da ya leƙo sama. Duk lokacin da ya yunƙura zai zare ƙafa, sai kan ya sunkuya ya ɗago, sak burtu mai kiwo.

Harold ne ya fara gani. Lofe ya faɗo daga bakinsa. Tsohon nan ya taɓa aikin jirgin ƙasa a Arewa yana saurayi, ya san burtu, ya kuma san ba a taɓa ganinsa a ƙasar Turai ba tun da aka halicce ta. Ya nuna da yatsa. Sai kawai ya juya ya zura da gudu, mutum mai shekara saba'in, ya nufi jan ɗakin tarho na bakin titi.

Ashe masu kallon tsuntsayen nan suna da wata lambar waya da suke baza labari. Jama'a, in ba ku ga Bature ya ji labarin baƙon tsuntsu ba, ba ku ga gaggawa ba. Kafin awa biyu titi ya cushe da motoci. Wani ya zo da kumfar aski a rabin fuska. Wani likita ya zo da farar rigarsa. Wani ango ya zo da fure a ƙirji, amarya na biye da shi ta tattare riga tana kuka. Mutum ya fi ɗari biyu a bakin fadama, kowa ya kafa madubi mai ƙafa uku, har da mai ɗaukar hoto na jarida.

Maje ya ɗan buɗa ciyawa ya leƙa. Ya ga bakin fadama maƙil da mutane. Sai kuma iska ta kawo masa muryar Margaret ta saman ruwa.

"Ina Mista Maje? Ku nemo Mista Maje! Tsuntsun ƙasarsu ne, shi zai tabbatar mana!"

To, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Yau ga ranar da ake neman Maje ido rufe, Maje kuwa shi ne tsuntsun. In ya miƙe, jirgi ya tafi. In ya zauna, sanyi ya aika shi lahira. Ya yi shawara da zuciyarsa, ta ce masa ya daure, ai za su gaji su watse, sai ya sulale ya sa riga ya zagayo ya yi musu bayanin burtu tun daga ƙwai.

Ya gyaɗa kai don kada a ga ya daina motsi. Taro ya ce, "Ooo!" Ya juya kan hagu. Taro ya ce, "Aaa!" Kun san hali zanen dutse ne. Mutumin da ƙafafunsa suka mutu da sanyi, sai ga shi ya fara jin daɗi. Tun da uwarsa ta haife shi, yaushe Turawa ɗari biyu suka taɓa tsayawa kallonsa? Ya ce bari ya ƙara musu da kuka. Bai san kukan burtu ba, sai ya yi na tattabara, guruguu, guruguu. Harold ya yi maza ya rubuta a littafinsa.

Ƙarfe goma daidai sai ga mu mutanen Tottenham, Wahabu a gaba da babbar riga, Ramatu a can baya da fulas ɗin shayi. Da Wahabu ya ga motoci da jama'a sai ya tsaya cak, ya riƙe baki.

"La ilaha illallahu. Duk wannan mutane saboda Maje? Yau kam Maje bai yi ƙarya ba."

Margaret ta taɓa ganin Ramatu a ofis, ta gane ta, ta kamo hannunta. "Ina mijinki? Mun yi nema har mun gaji. Zo ki gani, tsuntsun ƙasarku ne!"

Ramatu ta ajiye fulas, ta sa ido a madubi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta ce cikin Turancinta mai sanyi, "Wannan ba burtu ba ne."

Harold ya harzuƙa. "Madam, shekarata arba'in..."

"Allah Ya ƙara maka arba'in, Baba. Amma burtu ba ya shiga ruwa, tsuntsun tudu ne. Ba ya kiwo shi kaɗai, sai da matarsa. Yana da gashin ido zara-zara, yana ƙiftawa. Ka duba wannan, tun ɗazu ya ƙifta? Kai dai kan burtu ne, amma mai kan ya mutu tun ba a haife ni ba."

Ashe Ramatu 'yar Nguru ce, 'yar masunta, a cikin kwalekwale ta yi wayo. Shekara goma sha biyu suna tare, Maje bai taɓa tambayarta ko ta san wani abu ba, don bakinsa bai taɓa hutawa ba balle kunnensa ya samu aiki. Ta sake leƙawa, iska ta ɗan kaɗa ciyawa, ta hango bakin wani baƙin yadi mai ɗinkin da ta sani.

"Inna lillahi," ta ce da Hausa. "Zanena."

Shi kuwa Maje, awa uku a cikin ƙanƙara, hanci ya fara yi masa susa. Ya danne. Ya cije leɓe. Ya toshe da zane. Ina! Kan burtu ya yi baya, ya yi gaba da ƙarfi, fadama ta amsa: "Haaatishi!"

Abin da aka koya wa mutum tun yana kan gwiwar uwarsa ba ya neman izini kafin ya fito. Mutum ɗari biyu suna saurare, suka ji burtu ya ce, "Alhamdu lillahi!"

"Yarhamukallahu!" in ji Wahabu, shi ma bai san ya faɗa ba.

Wahabu ya waiwaya ya dubi jama'arsa. "Kun ji? Tsuntsun nan Musulmi ne."

Atishawar nan ba Turawa kaɗai ta isa ba. Taku goma daga inda Maje ya maƙale akwai sheƙar wata ƙatuwar farar dinya mai dogon wuya, wadda Turawa ke kira swan, tana kwance kan ƙwai. Mijinta ya daɗe yana harar baƙin abin nan mai gyaɗa kai. Da ya ji ya yi tsawa, sai ya buɗe fukafukai ya miƙe wuya ya taho yana huci. Maje ya waiwaya suka yi ido huɗu.

Abin da ƙarfi ya kasa a awa uku, tsoro ya yi shi a ƙiftawar ido. Laka ta sake shi, ɓul! Ciyawa ta dare, sai ga burtu ya miƙe a kan ƙafa biyu, da singileti da safa ɗaya, baƙin zane na jan ruwa a baya.

"Wayyo Allah! Ramatu! Wahabu! Police!"

Mijin dinya ya bi shi. Sara ɗaya a mazaunai, ya yi tsalle. Sara na biyu, ya kira kakansa Sarkin Baka. Duka da fiffike a gadon baya, ya kifa cikin ruwa ya taso da ganye a baki. A gaɓa kuwa ba ka jin komai sai ƙyas, ƙyas, ƙyas na masu ɗaukar hoto. Amarya ta daina kuka ta durƙushe tana dariya. Haka aka koro shi har tudu, ya zube tim a gaban takalmin Margaret.

Turawa suka yi caa. Mai kumfar aski ya ce daga Kent ya taho. Ango ya ce a kira 'yan sanda. Kowa ya juya wa ruwa baya yana zazzaga wa Maje masifa, sai muryar Ramatu ta ratso ta tsakiya.

"Ga abin da kuke nema can zai tafi."

Aka waiwaya inda take nunawa. Hayaniya ta koro tsuntsuwar nan mai kunya, ga ta nan launin ƙasa-ƙasa, tana tafiya a hankali saman ciyawa, ƙafafu a reto. Madubi ɗari biyu suka juya lokaci guda. Ta yi shawagi ɗaya ta sake nutsewa can nesa. Harold ya sauke madubi, hawaye na bin gemunsa.

"Madam, yaya aka yi kika gan ta?"

"Ai tun zuwana nake ganin ta. Tsaye take ta miƙe baki sama, tana kaɗawa tare da ciyawa. Akwai danginta a fadamarmu, haka suke yi. Na ɗauka kun gan ta ne ba ta dame ku ba." Ta nuna wasu 'yan tsuntsaye masu rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya a bakin ruwa. "Waɗancan ma namu ne. Da sanyi suke zuwa su bi shanu. Kullum muna cewa ina suke tafiya in zafi ya zo, ashe nan suke gudowa."

Harold ya dubi Margaret. Margaret ta dubi Harold.

Wani mai tausayi ya lulluɓa wa Maje bargon mota. Yana zaune a ƙasa, laka har kunne, haƙora na haɗuwa, burtu ya karkace a goshi, amma bakin nan bai mutu ba.

"Madam, kin ga dabara? Da gangan na yi, don in koro muku ita."

"Mista Maje," in ji Margaret, "Litinin ka zo da wuri, wasiƙu sun taru." Ta juya wurin Ramatu. "Madam, mako uku ne a jirgi. Ki tashi mutane da asuba, ki nuna musu abin da idonki ya gani. Tsuntsayen can ba irin naku ba ne, amma mai irin wannan ido kwana biyu ya ishe shi. Za ki je?"

Ramatu ta gyara mayafi. Ta dubi ruwa, ta dubi sama, sai ga wani murmushi da Maje bai taɓa gani a fuskarta ba. "Sai maigidana ya yarda," ta ce.

Ta tako a hankali, ta rusuna a gabansa, gaban Turawa ɗari biyu da rabin Tottenham. "Malam, ka ji abin da aka ce. In ka hana, na hanu."

Wallahi a lokacin nan Maje ya ba ni tausayi. Ƙaryarsa ƙarya ce, amma son jirgin nan gaskiya ne, bai taɓa son wani abu a duniya kamarsa ba. Ya ɗaga ido ya ga kowa shi yake kallo. In ya ce a'a, ya tashi daga maƙaryaci ya koma mai baƙin ciki. Wahabu kuwa ya harɗe hannu yana jira, haƙora a waje.

Maje ya ɗaga hannu daga cikin bargo. "Ki tafi. Jama'a, ku shaida, duk abin da ta sani ni na koya mata."

Ko Wahabu ya ga abin ya wuce a yi masa dariya.

Maje ya matso da kansa kusa da ita, ya rage murya yadda ya ɗauka ba mai ji. "To amma Ramatu, mako uku fa. Wa zai yi mini tuwo?"

Ramatu ta miƙa hannu ta gyara masa kan burtun ya zauna daidai a goshi.

"Haba Malam," ta ce. "Burtu ai ba a dafa masa. Kiwo yake fita."